Yaushe Kayan Aro Ke Rufe Katara?

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. To, shin al'ummar da ta koyi sana'a daga wata, ko da abokiyar gabarta ce, aro ta yi ko mallaka? Tarihin Rumawa yana da abin faɗi a kan wannan tambaya.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rum da Kartaj a kan tsibirin Sisiliya, a shekara ta 264 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa manoma ne kuma mayaƙan tudu, teku kuwa na hannun Kartajawa. Masanin tarihi Folibiyus ya ruwaito cewa wani jirgin Kartaj ya kafe a gaɓa, Rumawa suka ɗauke shi abin kwatance, suka sassaƙa jirage 120. Matuƙan ma a kan tudu aka zaunar da su bisa benci suna koyon tuƙi, tun ba su taɓa ruwa ba.

Da yake sun san ba su kai abokan gabarsu gwaninta ba, sai suka ƙera wata gada mai ƙugiya da suka kira hankaka, wadda ake kafa wa jirgin maƙiyi, sojoji su tsallaka. Da ita suka yi nasara a Milai a shekara ta 260. Amma dabara ba ta maye gurbin sani. A shekara ta 255 guguwa ta halaka mafi yawan jiragensu. Sai a 241, bayan attajiransu sun ba da rancen gina sababbin jirage, suka ci yaƙin da ƙwarewar tuƙi, ba tare da hankaka ba.

Ƙasar Adar ba ta da teku, amma ta san irin wannan darasi. Bayan farin 1984, mutanen Kaita, galibinsu mata, suka jera duwatsu a kan fako don tare ruwan sama. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela suka gano yadda ake gyara tassa a Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo suka gwada a gonakinsu, maƙwabta suka gani suka ɗauka. Yau ba mai kiran tassa baƙuwa.

Ashe karin maganar tana nufin abin da aka karɓa ba a sha wahalarsa ba. Abin da aka koya, aka yi asara a kansa, aka gyara shi, har aka koya wa ƴaƴa, ya tashi daga aro ya zama gado. Abin tsoro ga malami da almajiri shi ne girman kan da ke hana tambaya, da gaggawar da ke sa a tsaya a kan hankaka.