Kada Dubai Ta Haɗiye Fuskar Mutum

Ɗana, na ji ka naɗe tsohon labulen shagonka na Sabon Garin Gusau ka sayi majigi, yanzu da danna kwamfuta sai ga Dubai ko gadar Landan a bayan wanda ake ɗauka hoto. Allah ya sanya albarka. Amma zauna ka ji.

Ba kai ka fara ba. Tun 1960 Sanlé Sory ya buɗe Volta Photo a Bobo-Dioulasso, samari na tsayawa gaban zanen jirgin sama. Philip Kwame Apagya na Gana kuwa har firiji cike da abinci aka zana masa. To, duba hotunansu: mutum kake fara gani kafin ka lura da zane.

Majigi haske ne, kuma haske ke kashe shi. Ka buɗe filasha gaba-gaɗi, Dubai ta dusashe, bango ya koma fari fat. Don haka ka rufe taga, ka matso da mutumin kamar mita 2 daga bango, ka haska shi daga gefe, ka tare fitilar da baƙin kwali kada ta zuba baya. Ka kula da farar shadda musamman. Dattijo ya taso daga Bungudu ranar Sallah, babbar riga ta sha guga, in majigin na gabansa sai ka ga tagogin bene kwance a ƙirjinsa, inuwar hularsa ta cinye rabin birnin. Kai majigin gefe, ko ka haska ta bayan siririn farin yadi. Kyamara kuma kada ta yi saurin ƙiftawa. Bar ta wajen 1/60, in ba haka ba layukan ja da kore za su ratsa hoton.

Launin fata fa, bar wa kowa nasa. Amarya daga Tsafe ba ta biya ka don danginta su kasa gane ta ba.

Sai maganar da ta fi damuna. Wani zai ce ka sa masa Ka'aba alhali ko Kaduna bai taɓa wucewa ba, wani kuma katafaren gida yake so don ya tura gidan da yake neman aure. Wasa daban, yaudara daban, kuma ai kana gane su tun daga bakin ƙofa. Ka ce masa a'a, ko da kuɗin man janareton ranar ke nan.

Mai neman fasfo kuwa, kashe majigin, ka ba shi farin bango.