Sulken Saul da 'Ya'yanmu na Jami'a



Labarin Dawuda da Goliyat, a 1 Sama'ila sura 17, ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna a ajin Makarantar Lahadi. Sai dai mukan yi gaggawar isa wurin da dutse ya nutse a goshin Bafilisten, mu tsallake aya 38 zuwa 40, inda wani abu ya faru a gaban sarki kafin a fita fagen fama. Saul ya ɗauki kayan yaƙinsa, kwalkwalin tagulla da sulke, ya sa wa Dawuda. Yaron ya rataya takobi, ya gwada tafiya, ya ga ba dama, gama bai saba da su ba. Sai ya tuɓe, ya ɗauki sandarsa da majajjawarsa, ya tsinci duwatsu biyar masu sulɓi a rafi.

Saul bai yi wannan da mugun nufi ba. Abin da ya fi daraja a hannunsa ya bayar. Amma Saul dogo ne, ya kere dukan Isra'ilawa daga kafaɗa zuwa sama, sulkensa kuwa daidai jikinsa aka ƙera shi. Ku lura kuma, sura 16 ta gaya mana Dawuda ya riga ya zama mai ɗaukar wa Saul makamai. Ya san nauyinsu a hannu, ya san sunan kowanne. Duk da haka sai ranar da ya sa su a jikinsa ya gane ba nasa ba ne. Ɗaukar sulke daban, yin tafiya a cikinsa daban.

Haka yake da 'ya'yanmu. A nan Azuba, makarantu sun kewaye mu. Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa tana nan Shabu, maƙwabtanmu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai a hanyar shiga Lafiya, ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya wadda ta fara aiki a 2011, ga Kwalejin Ilimi a Akwanga, ga babbar harabar jami'ar jiha a Keffi. Kakanninmu da suka koyi karatu a hannun 'yan mishan, a zauren majami'a, ba su yi mafarkin wannan ba. Muna godiya ga Allah. Amma yaro yakan yi shekara huɗu ko biyar yana ɗauke da sunan wani fanni, ya ci jarrabawa, a yi sujadar godiya a yanka akuya, alhali bai taɓa wuni ɗaya tare da mai yin wannan aikin ba. Sai ranar da ya fita neman aikinsa na fari za a sa masa sulken, a gaban Goliyat. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa ya zaɓa masa sulken? Sau da yawa mu ne. Uban da ya sayar da doyarsa da riɗinsa ya biya kuɗin makaranta yana so ya ji an ce ɗansa likita ne, ko lauya, ko aƙalla yana da tebur a sakatariyar Lafiya. Ba na raina wannan fata, domin daga wahala da ƙauna ta fito. Amma tun da aka ƙirƙiri jiharmu a 1996, kowace shekara makarantu suna yaye dubbai, kujerun gwamnati kuwa ba sa haihuwa. Wani lokaci ma ba iyaye ne suka zaɓa ba: yaro ya nemi aikin likita, makin JAMB bai kai ba, aka ba shi wani fanni, ya karɓa don kada ya ƙara shekara a gida. Irin wannan ya fi kowa bukatar a zauna da shi.

Akwai kuma wani kuskure da ya shiga bakinmu. Idan muka ce wane yana da kira, nufinmu fasto ne ko mai bishara. Ku buɗe Fitowa 31. A can Ubangiji ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, ba domin wa'azi ba, domin ƙira da sassaƙa da yankan duwatsu masu daraja. Manzo Bulus, wanda ya yi karatu a gaban Gamaliyel, ya zauna a Koranti yana ɗinkin alfarwa tare da Akila. Mutanen Nazarat kuwa masassaƙi suka san Ubangijinmu. To, mai digiri da ya ga zuciyarsa ta kwanta da kiwon kifi, ko haɗa wutar sola, ko sarrafa rogo, bai zubar da mutuncin gidanku ba.

Ƙofar gwaji tana nan, mu ne ba mu daraja ta ba. Tun 1973 aka kafa shirin SIWES a ƙarƙashin hukumar ITF, domin ɗaliban fannonin kimiyya, injiniya, aikin gona da makamantansu su fita su yi watanni a wurin aiki na ainihi. Me muke yi da shi? Wasu iyaye sukan nemo wani ɗan'uwa a ofis ya buga hatimi a littafin rahoto, yaro kuwa yana gida. 'Yan'uwa, wannan shaidar zur ce, ko da dattijon ikkilisiya ne ya sa hannu. Ban da zunubin, an kuma ƙwace wa yaron damar da zai san ko sulken ya yi masa. Haka kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kowane gida ya tambayi kansa abin da 'ya'yansa suka yi da watannin nan. Hukumar bautar ƙasa ta shigar da koyon sana'a a shirinta tun 2012, amma mako uku na sansani ba zai gyara abin da aka bari shekara huɗu ba.

Kafin ranar Goliyat, Dawuda ya yi kiwo, ya gamu da zaki da beyar, ya kaɗa wa sarki molo, an aike shi da gurasa da cuku zuwa sansani. A cikin waɗannan ƙananan ayyuka ya san inda hannunsa ya faɗa. Ikkilisiya tana iya ba 'ya'yanta irin wannan zarafi ba tare da ta taɓa asusun baiko ba. Ku dubi benci ranar Lahadi: ga ma'aikaciyar jinya, ga malamin makaranta, ga malamin gona, ga mai walda, ga ma'aikacin banki, ga 'yar kasuwar da take sarin agushi. Zumuntar Maza da Zumuntar Mata su rubuta sunan kowa da aikinsa, su miƙa wa shugabannin matasa. Lokacin hutu, ɗalibi ya bi ɗayansu na mako ɗaya ko biyu, ya tashi lokacin da yake tashi, ya ga abin da yake gani. Gani ya kori ji. Yarinyar da take sha'awar farar rigar asibiti ta raka ma'aikaciyar jinya aikin dare, idan an ba da izini, ta ga jini da kukan masu jinya, sa'an nan ta yanke shawara.

Ku kuma da za a bi, ku faɗi gaskiya. Ku faɗi nawa ake samu, da watannin da albashi yakan makara, da inda jarabar cin hanci take laɓe a aikinku, da ko yakan hana ku sujada. Kada ku mai da yaron ɗan aike mai sayo ruwan sanyi.

Matasa, ku ma da naku. Addu'ar neman nufin Allah wajibi ce, amma kada ta zama mafakar ƙyuya. Ku je ku ƙwanƙwasa, ku yi tambaya, kada girman kai na ɗan jami'a ya hana ku durƙusawa a gaban makanike. Idan kuwa kun ga abin da aka zaɓa muku bai yi ba, kada ku watsar da karatu a ɓoye kuna karɓar kuɗin makaranta. Dawuda a gaban sarki ya faɗi damuwarsa, da ladabi, kuma yana da majajjawa a hannu da zai nuna.

Abu mafi wuya yana kan iyaye. Wata rana ɗanka zai zauna a gabanka ya ce, "Baba, na gwada, ba zan iya tafiya a cikinsa ba." Za ka tuna da buhunan da ka sayar, ranka ya ɓaci. Eliyab, wan Dawuda, ya tsawata masa tun bai ji bayaninsa ba. Saul kuwa, duk da laifofinsa masu yawa, Littafi bai ce ya tilasta wa yaron ya mayar da sulken ba. Ka tambaye shi abin da ya gani, da abin da yake so ya gwada a maimakonsa, da wanda zai koya masa. Ku sa lokaci, wata shida ko shekara, ku sake zama ku duba. Idan maganar ta fi ƙarfinku, ku kira fasto ko wani dattijo ya zauna tare da ku, uwar yaron ma tana wurin.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da gidajenku. Amin.