Aikin da Ba Ya Karɓar Gaggawa

Sananne ne a wurin malaman usulu cewa ƙiyasi ba ya inganta sai illa guda ta haɗa abubuwa biyun da ake gwamawa, kuma wannan ƙa'ida, ko da yake domin hukunce-hukuncen shari'a aka kafa ta, tana haskaka wa mai nazari dalilin da ya sa manyan ƙungiyoyin makaɗan Turai da Amurka, waɗanda ake kira okestira, suke zaune cikin giɓin kuɗi shekara da shekaru, ko da zaurukansu sun cika maƙil. Saɓanin fuƙaha'u a kan hukuncin kiɗa na bar wa ma'abotansa. Maganata a kan ƙimar aikin ɗan Adam ce.

A shekarar 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, suka bayyana illar. Masaƙa, idan aka kawo mata sabon inji, mutum ɗaya sai ya fitar da abin da dā sai jama'a sun taru a kansa, don haka albashinsa ya ƙaru ba tare da kayan sun yi tsada ba. Amma kiɗan da Beethoven ya tsara wa masu goge huɗu kimanin shekara 200 da suka wuce, har gobe mutum huɗu yake bukata, da mintocinsa cif, wanda kuwa ya gaggauta shi domin tsimi ya ɓata shi ne kawai. Duk da haka tilas albashin makaɗin ya bi na sauran ma'aikata, in ba haka ba ya rataye gogensa ya nemi wata sana'a.

Ɗaukar ma'aikaci ma dabam take. Idan gurbi ya faɗi, masu nema kan zo daga ƙasashe, a wurare da yawa su yi kiɗa a bayan labule domin alƙalai su yi hukunci da kunne, ba da sanayya ba. Wanda ya tsallake, ya kuma cika muddar jarrabawa, galibi kujerar ta zama tasa har ya tsufa. Attajiri yana rage yaransa idan kasuwa ta faɗi, amma ƙungiya mai mutum kusan 100 ba ta da wannan damar, domin rubutaccen kiɗan ne ya ƙayyade wanda zai busa da wanda zai goga.

Saboda haka kullum akwai mai cike giɓin. Gidan sarautar Esterhazy ne ya riƙe mai tsara kiɗa Haydn tun daga 1761, kamar yadda masu kakaki da algaita na fadodinmu suka dogara ga kyautar sarki. A Jamus yau gwamnatocin jihohi da birane ne ke ɗaukar nauyin, a Amurka kuwa kyautar masu hali ce da dukiyar da aka ajiye mai kama da waƙafi. Inda wannan ya raunana abin kan tsananta: a 2011 okestirar Filadelfiya, duk da shahararta, sai da ta nemi kotu ta kāre ta daga masu binta bashi.

Wannan hali bai tsaya ga makaɗa ba, ya haɗa da malamin da ke biya wa almajiri allonsa da mai jinyar da ke zaune gefen majinyaci, domin a irin waɗannan ayyuka lokacin mutum da halartar zuciyarsa su ne ainihin abin da ake bayarwa. Wanda ya auna su da ma'aunin masaƙa, ya kira tsadarsu almubazzaranci, ƙiyasinsa ɓatacce ne.