Maƙala a Kan Cuku da Ƙwayar Gado Bebiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga wanda Ya ƙagi halitta Ya daidaita ta, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Suratun Nahli ta kira mu ga tunani a kan nonon dabbobi. Mu mutanen Babban Mutum da sauran ƙasar Daura, maƙwabtan Damagaram, mun san cukun da ake kawowa daga Nijar. Makiyaya kan daskarar da madara da wani abu da suke cirowa daga tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi mai shan mama. Masana sun kira abin kaimosin. Yana cikin sinadaran da aikinsu yanka furotin, kuma wuri ɗaya tak yake yankawa a furotin ɗin madara, sai ta dunƙule ta rabu da ruwanta.

Shi kaimosin yana da dangi. Akwai fefsin mai narkar da nama a cikinmu, wanda Bajamushe Theodor Schwann ya gano a 1836. Akwai renin da ƙoda ke fitarwa don daidaita matsin jini a jijiyoyi. Tsarin ƙwayoyin gadonsu ya yi kama da juna matuƙa, shi ya sa aka lissafa su gida ɗaya. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado sama da 500 na irin waɗannan masu yanka furotin.

Abin lura, a 1990 an tarar cewa mu ma muna ɗauke da ƙwayar gadon kaimosin, a kuromosom na 1, amma bebiya ce. Misalinta kamar rubutun allo ne da aka sa wa alamar tsayawa a tsakiyar layi, sai karatu ya yanke kafin ma'ana ta cika. Jikinmu ba ya sarrafa kaimosin daga gare ta, duk da haka jariri na narkar da nonon uwa da fefsin da ruwan tsamin ciki. Irin waɗannan bebaye sun haura 10,000 a jikin mutum, a gefen kusan 20,000 masu aiki.

An daɗe ana ɗaukar su tarkace. Sai a 2010 aka nuna cewa ɗayarsu, PTENP1, tana taimaka wa 'yar'uwarta mai tsare jiki daga sankara. Ashe shiru ba shi ne rashin amfani ba, kuma hikimar Mahalicci ba ta tsaya inda idonmu ya tsaya ba.

Saboda haka, ya ku almajiran ilmi, kada ku yi gaggawar kiran wani abu banza, kada kuma ku ƙirƙira masa amfanin da bincike bai tabbatar ba. Ku haɗa karatun zaure da na ɗakin gwaji. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.