Allura da Baƙin Ciki

Akwai wani ciwo wanda ba ya fid da jini, ba ya kumburi, ba ya kuma sa zazzaɓi, amma ya kan kwantar da ƙato kamar yadda ciwon huhu ke kwantar da shi. Mai wannan ciwo ya kan wayi gari ba ya marmarin abinci, barci ya ƙaurace masa, sana'arsa ta fita ransa, ko dariyar ɗansa ba ta motsa shi. Ba mako ɗaya ba, ba biyu ba, har wata da watanni. Wani ma ya kan kai ga ƙin ransa. Likitoci suna kiransa ciwon baƙin ciki, sun kuwa tabbatar ba lalaci ba ne, ba kuma raki ba. Yana da 'yan'uwa biyu: fargabar da ba ta da dalili, da kuma firgitar da ta kan zaune wa mutumin da ya ga yaƙi, ko haɗarin mota, ko aka yi masa fin ƙarfi, har abin ya riƙa komo masa a mafarki da ido biyu.

'Yan'uwa su kan ce wa irin wannan mutum ya yi haƙuri, gama haƙuri maganin duniya ne. Ba su yi ƙarya ba. To, amma in aka ce ga wata allura wadda za ta sauke masa wannan kaya cikin yini guda, ya kamata ya miƙa hannu? In kuwa ya miƙa, abin da ya samu warkewa ce, ko kuwa buguwa ce aka sa mata rigar asibiti? Wannan tambaya ba tatsuniya ba ce, domin allurar tana nan, sunanta ketamin.

Asalinta ba don baƙin ciki aka yi ta ba. A 1962 wani masanin haɗa magunguna, Calvin Stevens, ya haɗa ta wa kamfanin Parke-Davis a jihar Mishigan ta Amurka, ana neman maganin sa barci don aikin tiyata. A 1964 aka fara gwada ta a jikin mutane, watau waɗansu fursunoni na wannan jiha, suka ce sun ji kamar sun rabu da jikinsu suna shawagi. Hukumar Amurka ta yarda da ita a 1970, aka yi wa sojan da suka ji rauni a yaƙin Biyetnam aiki da ita. Ta yi farin jini ne don ba ta cika tauye numfashi ba, saboda haka har yau da ita a ke fiɗa a asibitocin ƙauyuka na Afirka, inda ba lantarki ba injin numfashi. Mata da yawa da aka ciro wa ɗa ta ciki, da ita aka yi, ba su ma san sunanta ba.

Sai a 2000 waɗansu likitoci na Jami'ar Yale suka bayyana wani abin mamaki. Sun ɗura wa masu ciwon baƙin ciki ɗan kaɗan daga cikinta ta jijiya, rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin jiki, cikin minti 40, abin da bai isa sa barci ba. Kafin 'yan sa'o'i nauyin zuciya ya fara sauka. Mutum 7 kaɗai suka kammala wannan gwaji, amma a 2006 aka sake shi a babbar cibiyar binciken gwamnatin Amurka, aka ga haka nan. Abin lura, ƙwayoyin da aka saba bayarwa su kan yi makonni kafin a ga aikinsu, waɗansu mutane kuwa ko gezau. Ga wanda ya ke tunanin halaka kansa yau da dare, mako huɗu tafiya ce mai nisa. A 2019 aka yarda da wani iri nata da a ke fesawa a hanci, mai suna Spravato, bisa sharaɗin a yi shi a asibiti, a tsare mutum awa 2 ana dubansa.

Sai dai fa sauƙin ba ya daɗewa. Bayan allura ɗaya, galibi kwana kaɗan ne ko mako guda, duhun ya fara komowa. Daga nan ne waɗansu suka ga ya kamata a gama ta da jinya ta hanyar zance. Wani likita na Leningrad a ƙasar Rasha, Evgeny Krupitsky, ya riga ya fara haka da mashaya giya tun 1985. Yadda a ke yi yanzu, mara lafiya ya kan zauna tukuna da wanda ya koyi aikin sauraron masu damuwa, su san juna, su shirya abin da za a taɓa. Ran allura a auna jininsa, ya kishingiɗa a ɗaki mai shiru, a rufe masa ido, mai jinya yana zaune kusa. Kashegari, ko bayan kwana biyu, su sake zama, su bi abin da ya gani da abin da ya tuna, su duba abin da zai sake a zamansa na yau da kullum. Ba a yi wa mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko wanda ya taɓa samun taɓin hankali.

Masu ƙin wannan hanya suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Suna cewa hankali shi ne darajar ɗan Adam, duk abin da ya gusar da shi abin gudu ne, ko da awa guda ce. Suna cewa kuma baƙin ciki yana da sanadi, mutuwa ko talauci ko zalunci, allura kuwa ba ta ta da matacce, ba ta biyan bashi. Hujjar farko tana da amsa a kusa. Mai hankali ba ya zargin wanda aka sa barci don a ɗora masa karaya, ko da ya ke hankalinsa ya gushe sarai. Abin da a ke dubawa shi ne dalili, da gwargwado, da hannun da ya bayar. Ga shi kuma ciwon da kansa ya riga ya ɗaure hankalin, har mutum ba ya iya tuna alheri ko ɗaya da ya taɓa samunsa. Cewa da irin wannan ya yi haƙuri kamar cewa da mai karaya ne ya yi sauri.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi, gama gaskiya ce. Allura ba ta sake kome a duniyar mutum. Abin da ta ke yi ya fi kama da aikin wuta a maƙera. Masu bincike sun ga a ƙwaƙwalwar ɓeraye cewa cikin yini guda bayan ketamin, jijiyoyi su kan fid da sababbin rassa su sadu da juna, shi ya sa a ke zaton tunanin da ya sandare ya kan yi taushi na 'yan kwanaki. To, wuta ta kan sa ƙarfe ya yi ja, amma ba a taɓa jin wuta ta ƙera fartanya ba. In ba maƙeri da masaba a kusa, ƙarfen ya huce yadda ya ke, an yi hasarar gawayi. Zancen da a ke yi bayan allura shi ne dukan, mara lafiya kuwa shi ke riƙe da masabar, mai jinya awartaki kaɗai ya riƙe masa. Nan ne haƙuri ya ke komowa da aikinsa: fita daga ɗaki, komawa kasuwa, buɗe baki a faɗi abin da aka shekara goma ana haɗiyewa.

Wani gwaji da aka bayyana a 2023 daga Jami'ar Stanford ya daɗa rikita masu ganin allurar ce kome. An sami masu baƙin ciki 40 da za a yi wa tiyata. Suna cikin barcin tiyata aka ɗura wa rabinsu ketamin, rabi kuwa ruwan gishiri, ba wanda ya san abin da ya samu. Da suka farka, sai ga ɓangaren nan biyu duka sun sami sauƙi kusan daidai, waɗanda suka fi samun sauƙi kuwa su ne suka fi zaton ainihin maganin aka ba su. Ashe sa rai, da ganin ana kula da mutum, suna da rabo babba cikin abin da a ke jingina wa kwalba. Game da firgita ma ba a gama magana ba: ƙananan gwaje-gwaje a birnin New York sun nuna amfani, amma wani babba da aka yi da sojan Amurka, aka bayyana a 2022, bai nuna ta fi ruwan gishiri ba. Duk wanda ya ce ya sami maganin da ba ya kuskure, ciniki ya ke yi.

Inda aka raba allurar da mai zama kusa, nan ne tsoron masu ƙi ya ke tabbata. Mutum ya kan saba da ita, ya riƙa neman ƙari, masu yawan shanta kuwa mafitsararsu ta kan lalace har a yanke ta. Matthew Perry, shahararren ɗan wasan kwaikwayo na Amurka, an yi masa jinya da ita a hannun likitoci, sa'an nan ya shiga sayenta ta bayan fage ana yi masa a gida. A watan Oktoba na 2023 aka tarar da shi matacce cikin kwamin wanka, yana da shekara 54, bincike ya nuna ita ce sanadi. Cikin waɗanda suka amsa laifi gaban shari'a har da likita biyu. Ruwan da ke cikin kwalbarsa bai bambanta da wanda a ke ɗura wa mara lafiya a asibiti ba, sai dai babu mai auna masa, babu kuma wanda zai zauna da shi kashegari ya tambaye shi abin da ya gani.