WANE BAƘO NE ZA A BUƊE WA ƘOFA?

Karatu: Rut 2:1-13, Littafin Firistoci 19:9-10, 33-34

Tambayarmu ta yau ita ce: idan mutum biyu suka tsere wa yaƙi suka tsaya a bakin ƙofarmu, ɗaya ya yi kama da mu, ɗayan bai yi ba, daidai ne mu shigar da na farko mu bar na biyu a waje?

Duniya ta ga wannan da idonta. Ran 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta auka wa Yukren da yaƙi. Kafin kwana goma, Tarayyar Turai ta ɗauko wata doka da ta yi tun 2001, wadda ba ta taɓa aiki da ita ba, ko a 2015 sa'ad da mutanen Siriya suka yi ta kwarara Turai. Dokar ta ba mutanen Yukren izinin zama da na aiki, da makaranta domin yara, da magani, ba sai kowa ya jira an duba takardarsa ta neman mafaka ba. Fiye da mutum miliyan 4 suka sami inuwa a ƙarƙashinta. A Birtaniya iyalai suka sauke su a gidajensu, gwamnati tana ba mai gida fam 350 a wata. Amurka ma ta buɗe hanya a Afrilu 2022, mutum ya zauna shekara biyu in ya sami wanda zai tsaya masa, kafin ta dakatar da shirin a Janairu 2025. Wannan alheri ne, kada mu yi ƙyashinsa. Ya nuna mana cewa in zuciya ta so, ƙofa ba ta da nauyi.

Yanzu bari mu juya gabas, zuwa Sudan, inda akwai ƙauyukan da in ka yi sallama da Hausa za a amsa maka da Hausa. Kakanninsu sun bi hanyar Makka da ƙafa. Waɗansu kuma yaƙi ne ya kore su. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin kogin da ake kira Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Garin da suka kafa, Mai Wurno, yana nan da sunansa. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, gumin Hausawa da sauran mutanen yamma yana cikin abin da ya raya su.

Mukan ce baƙo raɓa ne. To, wanda ya shekara ɗari a wuri, ya binne iyaye da kakanni a can, har yanzu raɓa ne? A Yuli 2022 faɗa ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, a wajen Rusairis da Damazin. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi. Ɗaruruwa suka mutu, kowane ɓangare ya yi makoki, dubbai suka bar gidajensu.

Sa'an nan babban yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu 2023. Kusan mutum rabin miliyan suka gudu jihar Jazira, mutanen Wad Madani da ƙauyuka suka sauke su. A Disamba na wannan shekara yaƙin ya iso Wad Madani. Mai masauki da baƙonsa suka ɗaure kaya tare. A tsakiyar 2024 ya kai Sinja, a jihar Sinnar. Da gaske ne, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Fiye da mutum miliyan 10 yaƙin nan ya raba da gidajensu, amma Turai ba ta ɗauko musu irin dokar can ba. Masar ma a Yuni 2023 ta ce kowa sai da biza, har mata da yara. Cadi kuwa, da talaucinta, ta bar iyakarta ta Adre a buɗe, dubban ɗaruruwa suka shiga.

Wani zai ce, “Fasto, mai gida ma yana da haƙƙi. Rumbu ɗaya ba ya ciyar da duniya. Ba laifi ba ne mutum ya fara da na kusa da shi.” Akwai gaskiya a nan, Maganar Allah kuma ba ta musa ba. Ku duba dokar kala. Allah bai ce manomi ya ba da gonarsa duka ba. Ya ce kada ya girbe har gefe, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zube, ya bar wa matalauci da baƙo. Manomi yana da nasa, baƙo yana da nasa. Allah ya yarda a auna yawan abin da za mu iya bayarwa. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a auna darajar wanda ya zo.

Wani kuma zai ce a ransa, “Ai waɗannan Hausawan Sudan galibinsu Musulmi ne, mu ma muna da raunukanmu.” Ɗan'uwa, rauninka gaskiya ne, Ubangiji ya san shi. Amma dubi karatunmu. Rut mutuniyar Mowab ce, al'ummar da Maimaitawar Shari'a 23:3 ta hana shiga taron jama'ar Ubangiji. Dokar kala kuwa ba ta tambayi ƙabilar mai jin yunwa ba. Bo'aza ya bar ta ta yi kala, ya ba ta ruwa, ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta. Wato ya ba ta abinci, da aiki, da tsaro. Ku tuna kuma, iyalin Na'omi ne suka fara gudun yunwa zuwa Mowab, aka karɓe su. Daga zuriyar wannan baƙuwa Dawuda ya fito, daga zuriyar Dawuda kuma Mai Cetonmu, wanda shi ma aka gudu da shi Masar yana jariri saboda takobin Hirudus.

Yawancinmu ba za mu taɓa sa hannu a dokar wata ƙasa ba. Amma kowannenmu yana da gefen gona. A garuruwanmu akwai waɗanda suka gudo daga Borno, da Zamfara, da Binuwai, da Filato. Kana ƙara musu kuɗin haya don ka ga ba su da zaɓi? Ka ba gwauruwar nan aron kunya goma ta shuka? Ikilisiyarku ta san sunayen yaran da ba sa zuwa makaranta? In ana rabon hatsi, kukan fara tambayar addini ne, ko kukan fara duban yunwa? A Matiyu 25 Yesu ya ce abin da aka yi wa baƙo, shi aka yi wa.

Abin tunani: Wane baƙo ne na bari a waje don bai yi kama da ni ba?

Addu'a: Ya Uba, muna baƙi ka karɓe mu ta wurin Ɗanka. Ka tuna da mutanen Yukren, da mutanen Jazira da Shuɗin Nilu, da masu gudun hijira na ƙasarmu. Ka kawo ƙarshen yaƙe-yaƙe, ka koya mana barin gefen gona domin kowa. Cikin sunan Yesu, amin.