HARAFI NE KE TSARE MUTUM KO MAI HARAFIN?



Ana yawan tambayata hukuncin laya da hatimi. Amsar tana buƙatar ɗan tarihi.

Yahudawa suna da abin da suke kira gematriya: kowane harafin Ibrananci yana da adadi. Alef 1, bet 2, gimel 3, dalet 4. Kalmarsu ta "rai" tana ba da 18, shi ya sa wasunsu ke rataya ta a wuya. Ka ga ai tsarin abajada ke nan, wanda malaman hisabi ke aiki da shi. Ko mu nan Katsina ba baƙi ba ne a fannin: Shehu Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu mai zurfi kan hatimi, wato gidajen lamba da kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Wannan lissafi ne na gaske, ba na raina shi.

To amma lissafi ya zama kariya? Duba nan. A ƙidayar Gabas harafin sin 60 ne, Bisimilla ta ba da 786. A ƙidayar Magrib sin 300 ne, sai ta zama 1026. Ayar ɗaya, adadi biyu. Wanne ne sirrin? Mutane ne suka aza adadin, don haka ba shi da ikon kansa.

Idan ayar Alƙur'ani ce zalla aka rubuta, malamai sun yi saɓani. Ibnu Mas'ud da almajiransa sun hana, Risala ta Ibnu Abi Zaid kuma ta yi sassauci. Ni ina tare da barin ta, ba tare da na kafirta kowa ba. Amma zanen da ba ka san ma'anarsa ba, da sunayen da ko mai rubutun bai iya fassara su ba, ina hujjarsu?

Abin da ke damuna shi ne inda zuciya ta jingina. Yaro na fama da zazzaɓi, an ɗaura masa kambu an zauna, ba a kai shi asibiti ba. Matashi ya tari 'yan bindiga saboda an ce masa harsashi ba ya cin sa. Wallahi rayuka ne ke tafiya.

Ka riƙe azkar na safe da yamma, ka fahimci abin da kake faɗa, ka nemi magani, sannan ka dogara ga Allah.

Allah Ya tsare mu da tsarewarSa.